Tarihin Tsohon Fiyano: Kafin a Sa Masa Guduma

 

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, wata ɓarna ce da na yi da hannuna. Baba yana sayen kayan lantarki na gwanjo, waɗanda ake kira tokunbo, a kasuwar Alaba yana turawa gida. Ran nan cikin kaya sai ga wani tsohon fiyano mai ruwan ƙasa, nauyi kamar me, an rubuta Yamaha DX7. Zumuɗi ya sa na jona shi a wuta ban duba bayansa ba. Sai ƙara, sai hayaƙi. Ashe na ƙasar Japan ne mai cin volt 100, mu kuwa wutarmu ta haura 200. Baba ya ce, "Kai dai gaggawa ce za ta kashe ka, kai wa 'yan gwangwan su auna." Da ban bi ta wurin wani mai gyaran fiyanon coci ba, da tuni an fasa shi don jan ƙarfen ciki. Mutumin ya saye shi a ƙone, ya biya ninkin abin da kilo zai ba mu. Tun ranar na shiga bin tarihin waɗannan kaya.

Da farko na'urar da ke haɗa sauti da wutar lantarki, wato sintesaiza, abu ne mai cika ɗaki, sai jami'o'i da manyan situdiyo. Wani Ba'amurke, Robert Moog, ya fito da Minimoog a 1970, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka, amma kuɗinsa ba na talaka ba ne. A nan ƙasar, marigayi William Onyeabor na Inugu yana cikin ƙalilan da suka mallaki irin waɗannan na'urori. Turawa ba su farga da shi sosai ba sai 2013, da aka sake buga waƙoƙinsa a Amurka. Ya rasu a 2017.

Mutanen Japan ne suka sauko da abin ƙasa. Casio, da muka sani da agogo da kalkuleta, ya fitar da Casiotone a 1980. Shekara ɗaya bayan nan ya fito da wani ɗan ƙarami, MT-40, wanda ake yi wa kallon kayan wasan yara. Wata budurwa ce, Okuda Hiroko, da ba ta daɗe da gama makarantar kiɗa ba, ta tsara kiɗan da ke cikinsa. Wannan ɗan fiyano ya faɗa hannun wasu samari a Jamaika, Noel Davey da Wayne Smith, suka ɗauki kiɗa ɗaya daga ciki suka kai situdiyon King Jammy, aka yi waƙar Under Mi Sleng Teng da ta fita a 1985. An ɗora waƙoƙi ɗaruruwa a kan kiɗan nan, kuma daga nan rege ya koma na na'ura. Ku duba fa, abin wasan yara!

Shi kuwa DX7 da na ƙona, a 1983 ya fito, a kan kusan dala 2,000. Dabarar da yake aiki da ita John Chowning ne ya gano ta a Jami'ar Stanford, Yamaha ya sayi izini. Duk wanda ya saurari waƙoƙin Turawa na shekarun 1980 ya ji sautinsa, ko bai san sunansa ba.

To mu fa? A Yamai akwai Mamman Sani, wanda ya samu wani fiyano ɗan Italiya mai suna Orla, ya yi kaset a 1978. Shekara da shekaru ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin na Nijar, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya a 2013. A Kano kuma, bayan Turmin Danya na 1990 ya buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo, situdiyoyi sun dogara ne da Casio da Yamaha PSR. Fiyano ɗaya, yaro ɗaya, sai ka ji ganga da sarewa da goge. Waƙar fim ɗin Sangaya da iyayenmu mata suka haddace, da wannan aka yi ta. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan haka. Sai dai a faɗi gaskiya, abin da ya ɗaga wani shi ya kwantar da wani. Mai kalangu da a da ba a biki sai da shi, yau sau nawa ake nemansa? Ko a bukukuwanmu na Agege da Idi-Araba kowa shaida ne.

Yanzu abin ya juya. Kayan da Turawa suka zubar suna nemansu da kuɗi. Roland TB-303 na 1981 bai yi kasuwa ba, aka daina yinsa a 1984, yana yawo a shagunan gwanjo da araha, har samarin Chicago suka ƙirƙiro sabon kiɗa da shi. Yau dubban daloli ake sayensa.

Don haka ɗan uwa, in irinsa ya faɗo hannunka, ga abin da na koya. Karanta farantin baya kafin ka jona, in 100 ko 120 ka gani nemi taransifomar rage wuta. Kada ka haɗa adaftar Yamaha da tsohon Casio don ka ga bakinsu ya shiga, yawanci wutarsu a juye take. In DX7 ya kawo wuta amma sautin ya rikice, galibi ɗan batirin CR2032 da aka liƙa da dalma ne ya mutu. A canja shi, a mayar da sautukan ta MIDI. Maɓallin da ya yi shiru sau da yawa datti ne a robar ƙasansa, auduga da sifirit sun isa. Buɗe gidan batir ka ga ko ya yi tsatsa. Masu cin faifan fulofi kuwa, ana cire wurin a sa na'urar Gotek mai karɓar filash. In za ka saya, danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, kada kunya ta hana ka.

Mu ne a bakin ruwa, ta hannunmu kayan nan ke wucewa, mu ne kuma masu guduma. Rashin sani ya fi dare duhu. Baba dai har yau in ya ga fiyano cikin kaya sai ya ce, "Kira malamin tarihi, amma kada a ba shi soket."

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya mai da mu gida lafiya. Wassalam.