Ƙwai da Madara a Gidajen Ƙofar Ruwa: Nazarin Gashin Kastad a Ɓawon Fulawa

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa girkin birnin Kano, da ya daɗe da sanin alkama da ƙwai da nono, bai haɗa su cikin gashi ɗaya ba, da yadda za a gasa kastad na ƙwai da kayan da ke ɗakin girki a unguwa irin Ƙofar Ruwa. Matsayinta shi ne cikas ɗin yana wuri biyu: tsamin nono da ƙarfin wuta.

Gabatarwa

Ƙofar Ruwa tana arewacin ganuwar Kano, a Ƙaramar Hukumar Dala, kuma an fi saninta da kasuwar ƙarafa da kayan gini. Amma gidajen da ke cikin wannan yanki magada ne ga tsohuwar al'adar sarrafa alkama. Ana danganta gurasa da fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas da suka zauna kusa da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Ga alkaki da dubulan da ba a rasa su a garar amarya. Duk da haka, idan aka ce kastad a Kano, abin da ke zuwa zuciya shi ne garin roba mai launin ɗorawa da ake damawa kamar koko. Wannan gari babu ƙwai a cikinsa. Alfred Bird ne ya ƙirƙiro shi da sitacin masara a Birmingham ta Ingila a 1837, saboda ƙwai ba ya karɓar matarsa. A shekarar ce kuma aka buɗe shagon da ke sayar da shahararren gasasshen kastad na Belém a Lisbon ta Fotugal, wanda shi ne mai ƙwai na ainihi.

Nono da Madara

Abin da Bafillatana ke kawowa birni a ƙwarya nono ne ko kindirmo, wato wanda ya riga ya yi tsami, domin ɗanyar madara ba ta kwana lafiya a zafin Kano. Madara mai tsami kuwa da ta ji wuta sai ta tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe. Ƙwan zabi ma, wanda ya fi yawa a da, na damina ne. Saboda haka ba gazawar masu girki ba ce. Kayan ne ba sa haɗuwa a yanayin da ake buƙata. Madarar gari da ta gwangwani da ƙwan gidan gona su suka kawar da wannan shinge, har ga shi yau kowane kanti na unguwa yana da su.

Sha'anin Wuta

Nan ne aikin yake. Furotin ɗin farin ƙwai yana fara daskarewa a wajen digiri 62 na Salshiyos, na gwaiduwa a wajen 65. Idan aka sirka da madara da sukari, daskarewar tana jinkirta zuwa kusan digiri 80. Da zafin cikin haɗin ya kusanci tafasa, furotin ya ƙanƙance ya matse ruwan da ya riƙe, sai a ga ramuka da ruwa kwance a ƙasa. Tazarar da ke tsakanin nuna da lalacewa ƙarama ce ƙwarai.

Wannan ya nuna abin da ya sa tanderu bai dace ba. An yi shi ne don gurasa, wadda ake mannawa a jikinsa ta gasu cikin 'yan mintoci da wuta mai ƙarfi. Dabarar da ta dace ita ce wadda mata ke gasa kek da ita tun kafin yaɗuwar murhun gas: a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora a garwashi, a sa mazubin abin gashin a kan yashin, a rufe, a barbaza garwashi kaɗan a kan murfi. Yashi yana ɗaukar zafi a hankali, ya kuma sake shi a hankali. A ganina ya kamata masu koyar da girki su daina kallon wannan dabara a matsayin ta wanda ya rasa.

Ma'auni sananne ne: ƙwai 3, madara rabin lita, sukari rabin kofi, gishiri kaɗan, da gyaɗar ƙamshi. Ɓawon kuma fulawa giram 200 ne da mai giram 100, a murza da yatsu har ya yi kamar tsaki, a haɗe da ruwan sanyi cokali biyu ko uku. Man shanu na gida yana yi, sai dai yana narkewa da wuri, don haka a kwaɓa da sanyin safiya. Dole a fara gasa ɓawon shi kaɗai har ya bushe, in ba haka ba ya jiƙe ya yi danƙo. Sannan a tace haɗin ƙwan da rariya a zuba, a rage garwashin ƙasa.

Bayan minti 35 zuwa 45 sai a buɗe a girgiza mazubin. Idan gefe ya kama, tsakiya kuma tana ɗan rawa, a sauke nan take, domin zafin da ya rage a ciki zai ƙarasa aikin. Mai jiran tsakiya ta yi tauri ta riga ta makara. Kuma tunda ƙwai ne da madara, a gidan da wutar lantarki ba ta zama, a ci shi a ranar da aka gasa.