Sarrafa murya a jawabi

Sarrafa murya a jawabi dabara ce ta daidaita ƙarfin murya da saurin magana domin jama'a su ji, su kuma fahimta. Tushenta numfashi ne, domin iskar huhu ce ke haifar da sauti a maƙogwaro. Mai jan numfashi sosai yakan isar da muryarsa ƙarshen taro ba tare da ihu ba. Wanda ke matse maƙogwaro kuwa, muryarsa kan dishe kafin ya kammala.

Marubuci Plutarch ya ruwaito cewa Demosthenes (384–322 kafin haihuwar Annabi Isa), shahararren mai jawabi na ƙasar Girka, ya gyara lafazinsa da tsakuwa a baki. Yakan kuma karanta baitoci yana gudu ko hawan tudu, domin numfashinsa ya ƙara tsawo.