Gungawan Yawuri da Ruwan Kainji

Masu saurarenmu na Adum da kan iyaka, kun san fataken goro na da, masu tashi daga Gwanja zuwa Kano, dole sai sun ƙetare Kwara, kuma Yawuri na cikin manyan mashigansu. A tsakiyar kogin nan akwai tsibirai, gungu ake ce musu, shi ya sa Hausawa suka raɗa wa mazaunansu suna Gungawa. Harshensu Reshe. Masunta ne, manoman albasa kuma na ji da gani.

A 1968 aka gama madatsar Kainji. Ruwa ya hau, ya cinye gungu da fadama, aka tashi mutum wajen 44,000, har da Gungawa, aka kai su tudu.

Wani Ba'amurke mai bincike, Frank Salamone, ya zauna Yawuri a farkon shekarun 1970. Abin da ya rubuta ya fi tsaya min a rai: mutane suna ajiye harshensu, suna shiga Musulunci, suna zama Hausawa, domin sarauta da kasuwa a hannun Hausawa suke. Tun kafin madatsar abin ya faro, tashin ne ya ƙara masa gudu.

Sai lafiya. Kwantaccen ruwa gidan dodon koɗi ne mai ɗauke da tsargiya. Nan Gana ma an sha ta bayan Akosombo a 1965. To, kai mai shayar da garke a Yeji, in yaro ya fara fitsarin jini, a kai shi asibiti, kar a jira.