Duba tayoyin mota da sauya su kafin gwajin lafiyar abin hawa

Takardar shaidar lafiyar mota na cikin takardun da ake buƙatar mai mota ya sabunta tare da lasisin abin hawa da inshora. Jami'an binciken ababen hawa na jihohi, waɗanda aka fi sani da VIO, su ke da alhakin bayar da ita, kuma a Legas da Abuja da wasu jihohi an kafa cibiyoyin da ake gwada mota da na'ura mai kwakwalwa kafin a miƙa takardar. Ana duba birki da fitilu da sitiyari da hayaƙi da ƙarƙashin mota, ana kuma duba tayoyi. A cikin waɗannan duka, taya ce abin da mai mota zai iya tantancewa da kansa a ƙofar gida ba tare da ya nemi bakanike ba, kuma ita ce aka fi yi wa sakaci. Duk nauyin mota da na mutanen da ke cikinta yana kan wurare huɗu ne da taya ke taɓa kwalta, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Birki komai ƙarfinsa ta nan yake kama ƙasa.

Abu na farko da ake dubawa shi ne zurfin zanen taya. Ramukan da ke jikinta ba ado ba ne. Su ke kore ruwa daga ƙarƙashinta domin roba ta riƙe hanya. Idan suka cinye, a lokacin damina motar na iya hawa kan ruwa ta sulale, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya ƙi ci. Masu ƙera taya sun saka ma'auni a jikinta: a cikin manyan ramukan akwai wasu 'yan tudu na roba da suka gitta, tsayinsu milimita 1.6, kuma a kafaɗar tayar akan sa haruffan TWI ko ɗan alwatika domin nuna inda suke. Da zarar fuskar taya ta zo daidai da waɗannan tudu, aikinta ya ƙare. Wannan shi ne iyaka ta ƙarshe, ba lokacin fara tunani ba, shi ya sa masana da dama ke ba da shawarar a sauya tun zurfin yana kusan milimita 3, domin daga nan riƙon taya a jiƙaƙƙiyar hanya ke raguwa da sauri. Ba a duba wuri ɗaya a wadatu. A karya sitiyari har ƙarshe domin a ga gefen ciki na tayoyin gaba, saboda sau da yawa waje yana nan da kyau alhali ciki ya suɗe har waya ta fara leƙowa.

Yadda taya ta cinye yana faɗin abin da ke damun motar. In tsakiya ce ta cinye ta bar gefuna, iska ta yi yawa. In gefuna biyu ne suka cinye tsakiya na nan, an daɗe ana tafiya da ƙarancin iska. Cin gefe ɗaya kawai alama ce ta cewa saitin ƙafafun motar ya goce, abin da bakanikai ke kira alaimen, wanda ramukan hanya ke yawan jawowa. Cin da ya zo rami-rami, nan tudu can kwari, yakan nuna shokazoba ta mutu ko ƙafar ba ta da balansin. Wanda ya sa sabuwar taya bai gyara musabbabin ba, cikin 'yan watanni zai koma kasuwa.

Sai gefen taya, inda robar ta fi taushi kuma ta fi lanƙwasawa. Kumburi a nan, ko da ƙarami ne kamar ƙwai, yana nufin zaren da ke ciki ya tsinke, yawanci bayan faɗawa rami da gudu ko gogar dakalin titi. Irin wannan taya ba ta gyaruwa, kuma fashewarta ba ta ba da sanarwa. Haka yankan da ya kai ga zare, da tsattsagewa ƙanana da ke nuna robar ta bushe. Faci yana da iyaka: hujin ƙusa a tsakiyar fuskar taya, wanda bai wuce milimita 6 ba, shi ne ake liƙewa a amince da shi. Huji a kafaɗa ko a gefe, ko da mai faci ya ce zai iya, tayar ta tashi daga aiki.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne batun shekaru. Taya na da tsufa iri biyu, na tafiya da na zama. Roba na bushewa ko motar na aiki ko tana ajiye a gareji, kuma zafin rana irin na Kano da Sakkwato da Maiduguri yana hanzarta hakan. Ma'aikacin da motarsa ba ta wuce gida zuwa ofis ba zai iya ganin zanen tayarsa kamar jiya aka saya, alhali ta shekara takwas. Ranar da zai ɗauki iyali zuwa gida Sallah, ya hau babbar hanya da rana tsaka da kaya maƙil, ranar ce tsufan zai bayyana. Shekarun na rubuce a gefen taya. A nemi layin da ya fara da haruffan DOT. Lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2321, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Wani lokaci lambobin na ɓangaren da ke fuskantar cikin mota, sai an leƙa. Tayar da lambobinta uku ne kacal tun kafin shekarar 2000 aka yi ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana faɗakar da cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙerawa, kuma tuƙi da suɗaɗɗiyar taya na cikin laifukan da take cin tara a kansu. Wasu kamfanonin taya sun fi sassauci: Michelin, alal misali, yana cewa a riƙa kai taya ga gwani duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma sauya ta in ta kai goma ko da zanenta na nan. Mai mota a Najeriya dai ma'aunin FRSC ne zai tarar a kan hanya, kuma da irin zafi da ramukan da ake fama da su, tsaurin nasu ba abin ƙi ba ne.

Wannan lissafi ya fi shafar masu sayen tayar hannu, wadda ake kira Beljiyam ko tokumbo. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a Legas a 2008, kasuwar ta dogara ga tayoyin waje, kuma kowace faɗuwar naira na ƙara tura mutane ga ta hannu, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci na cikin kayan da aka haramta shigo da su. Mai saye ba ya sanin abin da tayar ta gani a rayuwarta ta farko. Wasu an yi su ne domin ƙasashen sanyi, ana gane su da hoton dutse mai ƙanƙara a gefe. Robarsu mai taushi ce, kwalta mai zafi tana cinye ta da wuri. Wasu kuma an sake sassaƙa musu zane da wuƙa, abin da ba a yarda da shi ba sai ga wasu tayoyin manyan motoci da aka ƙera domin hakan. Hatta sabuwa ba a saye ido rufe. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu a kwantena domin rage kuɗin dako, wanda ke lanƙwasa wayar bakin taya tun kafin ta hau mota. Kuma tayar da ta shekara uku a shago sabuwa ce a ido kawai.

Wajen saye, rubutun da ke gefen taya shi ne jagora. A 195/65 R15 91H, faɗin tayar milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, ta wili mai inci 15 ce, lamba 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, harafin H kuma gudun da bai wuce kilomita 210 a sa'a ba. Ɗan kasuwar da ke loda kaya a bayan mota ya fi kowa buƙatar kula da lambar nauyin, kada ya sayi wadda ta gaza abin da kamfanin motar ya ƙayyade. Tayoyi da yawa kuma na ɗauke da darajar jure zafi, A ko B ko C, kuma A ce gaba. Tayoyi biyu da ke kan layi ɗaya, gaba ko baya, su zama iri ɗaya da girma ɗaya. Idan aljihu bai kai huɗu ba sai biyu, sababbin a baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja. Mutane da yawa na ganin akasin haka ne daidai, amma idan baya ya sulale a kwana, motar juyawa take yi, kuma wannan ya fi wuyar shawo kai fiye da sulalewar gaba.

Iska ana auna ta ne da safe kafin motar ta yi tafiya, taya na sanyi. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, galibi tsakanin 30 da 35 a gejin masu faci ga ƙananan motoci. Lambar da ke jikin tayar ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba abin da ake so a zuba ba. Al'adar rage iska a lokacin zafi don kada taya ta fashe kuskure ce: tayar da iskarta ta yi ƙasa ta fi lanƙwasawa, ta fi ɗaukar zafi, ita ce ke fashewa.

Safaya ma taya ce, ana tambayarta a wurin gwaji da kan hanya, kuma ita ce ta fi daɗewa ba a waiwaye ta ba. A fito da ita a duba shekarunta da iskarta, a tabbatar jak da sifanar kwance taya suna nan. Siririyar safayar da ke zuwa da wasu motoci ta wucin gadi ce, ba a wuce kilomita 80 a sa'a da ita. Ya kamata a yi wannan bincike mako ɗaya ko biyu kafin ranar gwaji, domin a samu sararin zagaya kasuwa a kwatanta farashi da ranakun ƙerawa, a yi alaimen da balansin, a sauya bawul tare da tayar, sannan bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a koma a sake ɗaure notocin.