Daga dutsen Dabus zuwa ƙwaryar kaka: tarihin zana abin da ido ya gani a daji

Yau a fagen tarihi za mu yi magana kan wata tsohuwar ɗabi'a ta mutanen wannan ƙasa tamu: mutum ya kalli dabba ko itace a dajinsu, ya zauna ya fitar da siffarsa da hannunsa. Wasu na ɗaukar abin wasan yara ne. To amma da ba don irin wannan aiki ba, da akwai babban yanki na tarihin Nijar da ya ɓace mana.

Mu fara daga arewa. In mutum ya bar Agadas ya kama hanyar Arlit, bayan tafiyar wajen kilomita 110, akwai wani wuri da ake ce ma Dabus. A saman wani falalen dutse akwai zanen raƙuman dawa guda biyu, babba da ƙarami. Babban ya kai mita 5 da ɗoriya, wato kusan tsawon raƙumin dawa mai rai. Buzayen yankin sun daɗe da sanin wurin, amma sai a 1987 ne wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Christian Dupuy, ya rubuta labarinsa duniya ta ji. Masana sun ƙiyasta cewa zanen ya shekara tsakanin 6,000 da 8,000.

A wancan zamani ba a san ƙarfe ba. Da dutse aka sassaƙi dutse, aka kankare, aka goge har ya yi sumul. Duk da haka mai aikin bai bar komai ba: dabbare-dabbaren jiki ɗaya bayan ɗaya, kunnuwa, ƴan ƙahonni, kofato, har jijiyar ƙafa. Wanda bai daɗe yana kallon dabbar da idonsa ba, ba zai iya haka ba. Daga bakin kowane raƙumin akwai wani layi da ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Wasu masana na ganin igiya ce, wasu na ganin alama ce ta imaninsu. A kewayen wurin an ƙirga zane fiye da 800: shanu, jiminu, bareyi, giwa, karkanda da zaki.

Yanzu ku tambayi kanku: me giwa da karkanda za su ci a Dabus ta yau, inda babu komai sai duwatsu da rairayi? Amsar ita ce, da can ba haka wurin yake ba. Sahara ta taɓa zama kore shar, da tabkuna da ciyawa. A Gobero, cikin Tenere, ayarin wani Ba'amurke mai suna Paul Sereno ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, a bakin wani tabki da ya ƙafe. An samu kaburbura wajen 200, da ƙasusuwan kada, da na dorina, da na manyan kifaye. An samu wata yarinya da abin hannu da aka sassaƙa da haƙorin dorina. Kun ga ƙashi da zane sun ba da shaida iri ɗaya. Daga wajen shekara 5,000 da suka wuce ruwan sama ya riƙa raguwa, dabbobi suka yo kudu, mutane suka biyo su. Zanen ne kawai ya tsaya inda yake.

Tsakanin masu sassaƙar Dabus da kakanninmu akwai dubban shekaru, amma hanyar da aka bi ɗaya ce, daga arewa zuwa kudu. Gobirawa ma a tarihinsu suna cewa daga Azbin suka sauko. Kuma a nan kudu ɗabi'ar nan ta kallon daji ba ta mutu ba, sai dai ta sake kama. Da Musulunci ya kafu, malamai suka yi hani ga sassaƙa surar abu mai rai, sai masu sana'a suka karkata ga ganye, da ƙulli, da layuka masu sarƙa. To amma ku saurari sunayen. Ƙullin nan da muke gani a wuyan riga da ƙofar gida sunansa dagi, kuma dagi tafin ƙafar zaki ne ko damisa. Tsinin da magina ke fitarwa a kusurwar soro sunansa zanko, irin na kan zakara. Maƙeran Agadas kuwa suna da zanen da suke ce ma idon hawainiya da sawun dila a jikin azurfarsu. Dabbar ta fita daga hoto, ta ɓuya cikin suna.

Ba siffa kaɗai ake ɗaukowa daga daji ba, har kayan aikin. Ku shiga unguwar Birni ko Zango a Damagaram, birnin da ya bunƙasa zamanin Sarki Tanimun, wanda kuma shi ne babban birnin Nijar har 1926. Tsofaffin gidajen da aka yi ma ado a fuska, da yatsa da ƴar wuƙa magini ya fitar da zanensu tun yaɓe yana ɗanye. Azarar da ta riƙe rufin daga giginya take. Makubar da ke hana ruwa cin bango daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Laso kuwa, simintin kakanninmu, haɗi ne na katsin marina, da gashin jima, da dafara. Wato sai marini ya gama da babansa, majemi ya gama da fatarsa, sannan magini ya samu abin shafe. Sana'a uku, kuma kowace da ƙafarta ɗaya a daji.

Haka abin yake a wajen dukawa. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda sunanta ya kai ƙasashen waje, da bagaruwa ake jeme ta, da karan dafi ake rina ta ja. Almajirin da zai yi sauka, allonsa na zayyana daga itace yake, alƙalaminsa daga gamba, tawadarsa daga gawayi da ƙaro. Babu abin da aka sayo daga kanti.

Amma in ana maganar zanen da mutum ke yi don kansa, ba don kasuwa ba, to wajen mata za a je. Duma ake shukawa ya yaɗu bisa danga, a bari ya ƙosa, a fafe shi, a samu ƙwarya. Sai a zane ta da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Mace takan san ƙoranta da zanensu ko cikin na mata goma. Faifai da tabarma da kaba ake saƙa su, ganyen goruba, kuma har yau Madawa ta yi suna da tabarmi. Jeren ɗakin amarya, kafin zuwan kwanonin kanti da robobi, da irin waɗannan kaya ake yin shi. Lalle ma ganye ne. Uwa ta koya ma ɗiya, ɗiya ta ƙara nata. Ba a rubuta sunayensu a littafi ba, amma su ne suka fi kowa yawa a cikin masu zanen ƙasar nan.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce, in daji ya tafi, sana'ar da ke cin abincinta a cikinsa ita ma tafiya take yi. Ku tuna itacen Tenere, ƙayar nan da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, ayarin gishiri na Bilma suna gane hanya da ita. A 1973 wani direban kamyo ya banke ta. Aka kwashi gangar jikinta aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, aka kafa itacen ƙarfe a gurbinta. Itacen ƙarfe yana nuna hanya, amma ba ya ba da inuwa.

Raƙumin dawa ma saura kaɗan ya bi sahu. Fari da farauta da sassabe suka ƙarar da shi a ƙasashen Afirka ta Yamma, har a 1996 aka ƙirga 49 kacal, dukansu a yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai. Da manoman yankin da ma'aikatan gandun daji suka haɗa kai, adadin ya haura 600. A ƙarshen 2018 aka ɗauki 8 aka kai dajin Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya ba. Yau ɗan Dakoro na iya ganin abin da mai sassaƙar Dabus ya gani. Shi kuwa zanen Dabus, an ɗauki kwafinsa a 1999, aka zuba shi da ƙarfe, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas, saboda tsoron masu karce dutse da masu ɓallewa su sayar.

Itatuwa ma suna dawowa. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin toho ya girma a gona, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun tashi. Ke nan abin kallo bai ƙare ba, masu kallon ne suka ragu. Yaro a yau ya san tambarin ƙungiyoyin ƙwallon Turai sarai daga salula, amma a ce ya zana gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, sai ya tsaya yana sosa kai.

Shawararmu ga iyaye da malaman lekol mai sauƙi ce, kuma ba ta cin kuɗi. A ba yaro kaye da fensir, ko gawayi, ko yumɓu. A ce ya zana abin da ke garinsu: shamuwa in ta iso gabanin damina, kan gero, ƙadangare a bango, kuka da rani. A sa ya rubuta sunan abin da Hausa, da sunan gari, da shekara. In akwai tsohuwar da ta iya zanen ƙwarya ko saƙar faifai a unguwa, a tura yara wajenta tun tana da ƙarfinta, a tambaye ta sunan kowane zane. Wanda ke da tsohon gida mai ado, kafin ya shafe shi da siminti, ya ɗauki hotonsa. Nan da shekara 50 jikokinmu za su so su san wane itace da wane tsuntsu ke garin nan a zamaninmu, kuma abin da muka ajiye shi za su samu.

Ku faɗa mana sunayen zanen ƙwarya, faifai ko bango da kuka sani a garinku, mu tara su wuri ɗaya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.