Daga Ayarin Raƙuma zuwa Hilux: Tarihin Shigo da Motoci ta Iyakokin Agadas

Babu masana'antar ƙera motoci a Agadas, kuma tashar jiragen ruwa mafi kusa da birnin tana nesa da fiye da kilomita 1,500. Saboda haka duk motar da ke tsaye a tashar garin, ko a ƙofar gidan wani attajiri, sai da ta ƙetare iyakar wata ƙasa kafin ta iso, wata ma iyakoki uku ko huɗu. Cikin shekaru hamsin da suka wuce, ƙofar da motoci ke shigowa ta sauya sau uku: da farko ta arewa, daga Aljeriya, sannan ta kudu, daga Kwatano, daga bisani ta arewa maso gabas, daga Libiya. A kowane karo kuwa, hamadar tana nan yadda take, rairayinta bai ƙaru ba, rijiyoyinta ba su matsa ba. Shawarar da aka yanke a manyan biranen da ke nesa ita ce ta riƙa buɗe ƙofar tana rufewa, arzikin dubban mutanen Abzin kuma ya riƙa hawa da sauka tare da ita.

Kuɗin fito tun zamanin ayari

Karɓar kuɗin fito tsohuwar al'ada ce a Agadas. Tun da aka kafa sarautar Abzin a ƙarni na 15, babban ƙarfin Sarkin Agadas yana ga ayarin da ke ratsa garin tsakanin Ghat da Ghadames a arewa, da Katsina da Kano a kudu. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a birnin a shekarar 1850, ya tarar da wani babban hakimi mai sarautar Sarkin Turawa, wanda aikinsa shi ne kula da fataken Larabawa da karɓar haraji a kan kayansu. A wancan zamani haraji yana kan kayan da aka ɗoro, raƙumin kuwa abin hawa ne kawai.

Mota ta fara ratsa Sahara ne a ƙarshen 1922 zuwa farkon 1923, sa'ad da ayarin kamfanin Citroën ya tashi daga Touggourt ya isa Tumbutu. A cikin shekarun 1930 wani kamfanin sufuri na Faransawa mai suna SATT ya buɗe layin fasinja daga Alje, babban birnin Aljeriya, ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano. Amma da yake Aljeriya da Nijar duk suna ƙarƙashin tutar Faransa a lokacin, ba a ɗauki wannan zirga-zirga a matsayin shigo da mota daga waje ba. Sai bayan Nijar ta sami mulkin kai a 1960, Aljeriya kuma a 1962, layin da ke kan taswira ya zama iyaka ta gaske, mai jami'an duwan da jandarmomi da hatimi. Daga nan ne motar kanta ta zama haja, mai buƙatar takardunta.

Zamanin Fijo

Abubuwa da dama ne suka haɗu a shekarun 1970 suka mai da hanyar arewa kasuwar motoci. Na farko shi ne yuraniyom. Kamfanin Somaïr ya fara haƙo a Arlit a 1971, Cominak ya biyo baya a 1978, sabon gari ya tsiro a tsakiyar hamada, cike da ma'aikata masu albashi. Wajen 1980 aka kammala shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit. A can Aljeriya ma kwalta ta iso Tamanrasset a ƙarshen shekarun 1970. Abin da ya rage na rairayi bai wuce kilomita 600 da ƴan kai ba: kimanin 400 daga Tamanrasset zuwa In Guezzam, sannan ɗan taƙi zuwa Asamaka, inda duwan ɗin Nijar suke, sai kuma kimanin 200 zuwa Arlit. Bugu da ƙari, gasar tseren Paris zuwa Dakar, wadda ta fara ratsa Agadas a watan Janairun 1979, ta sa sunan garin ya shiga kunnen samarin Turai.

Yadda cinikin yake gudana ba shi da wuyar fahimta. Saurayi a Faransa ko Jamus ko Beljiyam ko Holan zai sayi tsohuwar mota da ƴan kuɗi kaɗan, ya ɗora ta a jirgin ruwa daga Marseille zuwa Alje, ko daga Italiya zuwa Tunis, ya nufo kudu. Hukumomin Aljeriya ba su yarda baƙo ya sayar da motar da ya shigo da ita ba, dole ya fita da ita, don haka kasuwa ta farko da ke gabansa ita ce Arlit, ta biyu kuma Agadas. Kafin ya kai nan sai ya sha fama da rairayin Laouni, inda ake sace wa tayu iska, ana shimfiɗa farantan ƙarfe, ana tura mota da hannu. Gawarwakin motocin da suka gaza sun daɗe a wurin suna zama alamar hanya, wasu matafiyan da suka ɓace kuwa ƙishirwa ta halaka su.

A Asamaka jami'an duwan sukan ba motar takardar izinin shiga na ɗan lokaci, a matsayin abin hawan ɗan yawon buɗe ido. Idan aka daidaita ciniki ta hannun dillali, sai an biya kuɗin fito kafin a yi mata sabuwar takardar mallaka da lambar Nijar. Tsakanin waɗannan takardu biyu ne dillalai da ƴan kamasho da masu fiton kaya suka sami abin yi. Mai sayarwa kuma yana da tabbaci guda wanda ba zai samu a ƙasashe da yawa ba: kuɗin sefa yana ɗaure da faran na Faransa, sefa 50 a kan faran ɗaya, kuma ana canza takardunsa a bankunan Paris ba tare da wata wahala ba. Kuɗin motar yakan biya masa tikitin jirgin komawa daga Yamai, wani lokaci har da riba.

Motar da ta fi kowace farin jini ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara ƙera ta a 1968. Tana da tsawo daga ƙasa, ƙafafun baya ne ke jan ta, injinta kuma ba ya gagarar makaniken da ke da sifana da basira. Wani abin da ya ƙara mata daraja shi ne masana'antar harhaɗa Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975, wadda ta sa kayan gyaranta suka wadata a duk ƙasar Hausa. Doguwar 504 ta zama motar haya tsakanin garuruwa, a-kori-kura ƙirar 404 ta zama jakar ƴan kasuwar ƙauye, manyan motocin Mercedes da Berliet kuma suka shiga jigilar kayan da a da raƙumi ne ke ɗauka. A Agadas garejoji suka yawaita, haka ma masaukan baƙi da masu sayar da kayan azurfa da na fata, samarin Abzinawa masu sanin hanya suka zama ja-gora. Kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages, wanda Mano Dayak ya kafa, a wannan zamani ya yi suna.

Rufewar ƙofar arewa

Cikin shekaru huɗu kacal wannan kasuwa ta durƙushe. A watan Mayun 1990 aka yi rikicin Cintabaradan, wanda ya share fagen tawayen Abzinawa, hanyoyin arewa suka zama na fargaba. A watan Janairun 1992 sojojin Aljeriya suka soke zaɓe, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa, baƙi suka ƙaurace mata. A watan Agustan 1993 aka daina karɓar takardun sefa da aka fitar waje don canji, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin da rabi, faran ɗaya ya koma sefa 100. Ko da hanya ta kasance lafiya, wanda ya sayar da mota a Agadas zai koma gida da rabin abin da ya saba samu. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995, ƴan yawon buɗe ido suka ɗan dawo, amma yawancinsu ta jirgin sama. Sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya a 2003, da tawaye na biyu tsakanin 2007 da 2009, da sace ma'aikata a Arlit a watan Satumban 2010, su suka ƙarasa abin da ya rage.

Ƙofar kudu: motocin Kwatano

Buƙatar tsofaffin motocin Turai ba ta ragu ba, hanya kawai ta sauya. Manyan jiragen ruwa daga Antwerp da sauran tashoshin Turai suka riƙa sauke su dubbai a Kwatano da Lome, har a wasu shekaru motocin da suka sauka a Kwatano kaɗai sun haura 200,000. Akasarinsu ana rubuta musu takardar wucewa zuwa Nijar, su hau gadar Malanville zuwa Gaya, amma ainihin masu sayen suna Najeriya, inda gwamnatoci suka riƙa tsauwala haraji da ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita don kare masana'antun cikin gida. Nijar takan karɓi nata harajin wucewa, motar kuma ta sulale ta wajen Birnin Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram. Daga nan ne sunayen nan biyu, motar Kwatano da motar Beljiyam, suka zauna a bakin Hausawa.

Ga Agadas wannan sauyi babban rashi ne. Garin da a da yake bakin ƙofa ya koma ƙarshen layi: motar da ta iso shi ta riga ta bi ta hannun dillalai da yawa, kowa ya ɗora ribarsa. Cin moriyar ciniki ya koma hannun alhazan kudu, waɗanda masanin nan Emmanuel Grégoire ya yi nazarin kasuwancinsu na Maraɗi a littafin da ya fitar a 1986. Ita ma wannan ƙofa ba ta tsira daga siyasa ba. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, ta rufe iyakokin baki ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya rufe gadar Gaya, kaya suka koma zagayawa daga Lome ta Burkina Faso.

Ƙofar Libiya da dokar 2015

Alaƙar mota tsakanin Agadas da kudancin Libiya ta ƙarfafa tun shekarun 1990, lokacin da takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana jiragen sama sauka a Libiya, manyan motoci suka riƙa kai raƙuma da taba sigari da ƴan ci-rani ta Dirku, suna dawowa da taliya da man fetur. Faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 ta buɗe hanyar gaba ɗaya. Motocin Toyota Hilux da Land Cruiser suka kwararo daga Sabha, da yawa a hannun samarin Tubawa, wasu da cikakkun takardu, wasu babu. Hilux ɗaya takan ɗauki mutum 25 ko kusa da haka, ta yi cikin kwana uku ko huɗu tafiyar da babbar mota ke yi a mako ɗaya ko fiye. Kowace Litinin ayarinsu yakan tashi daga Agadas tare da rakiyar soja. Gano zinariya a Jado da Cibarkatan a 2014 ya ƙara wa irin waɗannan motoci tsada.

A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar ƴan gudun hijira, aka fara zartar da ita da ƙarfi a 2016, bayan taron Valletta inda ƙasashen Turai suka yi alkawarin tallafi ga masu tare hanyar ci-rani. An kama direbobi, an ƙwace motoci fiye da 100 aka jibge su a Agadas, rana da ƙura suna cin su. Motar da mai ita ya ci bashi ya saya, wadda jiya take bin ayari a gaban idon hukuma, ta wayi gari a matsayin shaidar laifi. Direbobin da suka ci gaba da sana'ar suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingaye, abin da ya jawo ƙarin mace-mace a Tenere. A watan Nuwamban 2023 hukumomin soja suka soke dokar, sana'ar ta sake fitowa fili.

Abin da tarihin ya nuna

Malami da ke son nuna wa ɗalibansa ma'anar iyaka ba ya buƙatar wuce tashar mota. Fijo ta zo ne saboda yuraniyom da darajar sefa, ta tafi saboda yaƙi da shawarar da aka yanke kan kuɗi a taron Dakar na 1994. Motar Kwatano ɗiyar dokokin Najeriya ce. Hilux kuwa rushewar wata gwamnati ce ta kawo ta, tsoron wasu gwamnatocin ya sa aka tsare ta. A dukkan matakan nan mutanen Agadas suna da abin da ba a shigo da shi daga waje ba, wato sanin hanya da iya gyara da riƙon amanar baƙo, gadon da suka samu daga madugai. Abin da ba su taɓa riƙewa ba shi ne alƙalamin da ke rubuta dokar iyaka.

Akwai kuma aikin da ke jiran ƙungiyoyin al'adu. Tsofaffin makanikai da direbobi da dillalan zamanin Fijo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, tare da sunayen da suka laƙaba wa motoci, da kalmomin sana'arsu da suka gauraya Hausa da Tamashek da Faransanci da Larabci, da labarin tuddan da suka ci mutane. Gidan tarihin ƙasa da ke Yamai yana ajiye da busasshen kututturen Itacen Tenere, wanda wata babbar mota ta buge a 1973. Muryoyin waɗanda suka tuƙa motocin su ma sun cancanci a naɗe su a ajiye tun masu su suna raye.