Kyaftin Slocum da Jirginsa Spray: Yadda Ake Kwana da Tashi a Tsakiyar Teku

A wannan karo na ɗan jingine ƙagaggun labarai, na ɗauko mana tarihin wani dattijon matuƙin jirgin ruwa mai suna Joshua Slocum, wanda shi ne mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai a cikin jirgin da iska ke turawa, daga 1895 zuwa 1898. Tafiyar tana da tsawo, don haka zan taƙaita a kan abin da ya fi jan hankalina, wato zamansa na yau da kullum a tsakanin tsibiran ƙasashe masu zafi: abin da yake ci, lokacin da yake runtsawa, da yadda yake gane hanya a wurin da babu dutse babu bishiya, sai ruwa da sararin sama.

Wane ne Slocum?

An haife shi a 1844 a yankin Nova Scotia na ƙasar Kanada, daga baya ya zama ɗan ƙasar Amurka. Ya shiga aikin teku yana da shekara 16, kuma bai kai talatin ba ya zama kyaftin. Ya tuƙa manyan jirage masu filafilai, wato irin faffaɗan ƙyallen nan mai kauri da ake ɗaurawa a jikin jigo ya tari iska. To amma zamani ya juya masa baya. Jirage masu amfani da tururi suka ƙwace kasuwa, matarsa ta fari, Virginia, ta rasu a Buenos Aires a 1884, sannan jirginsa na kansa mai suna Aquidneck ya farfashe a gaɓar Brazil a 1887. Ya koma gida babu jari, ga kuma sana'ar da ya iya tana mutuwa a hannunsa.

A 1892 wani tsohon abokinsa, Kyaftin Eben Pierce, ya ce ya ba shi jirgi kyauta. Da ya isa garin Fairhaven a jihar Massachusetts, sai ya tarar da wani ruɓaɓɓen jirgin masu kamun kawar teku, mai suna Spray, an jingine shi a fili nesa da ruwa. Wani da ya ga haka sai ya yi fushi. Shi kuwa sai ya ɗauki gatari ya sari itace, ya shafe wata 13 yana sauya katakon jirgin ɗaya bayan ɗaya, ya kashe dala 553 da santi 62. Tsawon jirgin ƙafa 36 da inci 9, faɗinsa ƙafa 14 da inci 2, kuma babu inji a cikinsa. Da shi ya bar Boston ran 24 ga Afrilu, 1895, yana da shekara 51, kuma duk da daɗewarsa a teku bai iya iyo ba.

Iskar da ta yi masa aiki

Kafin mu shiga cikin jirgin, ya kamata mu fahimci abin da ke tura shi. A yankin da ke kusa da layin da ya raba duniya biyu, rana tana dumama iska ta tashi sama, sai wata iskar ta kwararo daga arewa da kudu don ta cike gurbin. Juyawar da duniya ke yi tana karkatar da wannan iska zuwa yamma, shi ya sa take kaɗawa daga gabas kusan kullum, wata da watanni. Hunturun da muke sha kowace shekara ma daga wannan dangi yake, sai dai namu ya bi ta kan Sahara ya kwaso ƙura, na teku kuwa ɗauke yake da danshi. Duk matuƙin da ya nufi yamma a wannan yanki, iska a bayansa take.

Spray kuma yana da wata baiwa. Idan Slocum ya daidaita filafilan, ya ɗaure sitiyarin da igiya, jirgin kan riƙe hanyarsa da kansa. Daga tsibirin Thursday a arewacin Ostareliya zuwa tsibiran Cocos Keeling a Tekun Indiya, tafiyar mil 2,700 ce, ya yi ta cikin kwana 23 a 1897, kuma a lissafinsa bai fi awa uku ya yi riƙe da sitiyari ba. Wannan baiwa ce ta sa mutum ɗaya ya iya aikin da a al'ada sai an yi karɓa-karɓa.

Yini guda a kan Spray

Da gari ya waye, abin da yake fara yi shi ne zagaya doron jirgi. Akwai wasu ƙananan kifaye masu dogayen fukafukai da kan yi tsalle su yi shawagi a kan ruwa, da dare kuma wasu kan bugi filafili su faɗo cikin jirgin. Su yake tsinta ya soya ya karya kumallo. Murhunsa ɗan risho ne mai kai biyu. Abincinsa na kullum dankalin Turawa ne da busasshen kifi mai gishiri, da biskit da yake gasawa da kansa sau biyu ko uku a mako, ga gahawa da shayi da sukari da fulawa. Ruwan sha yana cikin ganguna, daga tsibiri sai tsibiri ake cika su.

Dankalin nan ya taɓa ba shi ciwon kai. A tsibirin Juan Fernandez wani ɗan kasuwa ya yi masa daɗin baki, suka yi musayar dankalinsa da wani da aka ce sabon haƙa ne. Sai da ya yi nisa a teku ya gane ba ya ciyuwa. Haka ya ƙarasa doguwar tafiyar Fasifik babu dankali, abin da ya dame shi ƙwarai, kuma shi da kansa ya ba da labarin yana yi wa kansa dariya.

Bayan karin kumallo sai gyare-gyare. Gishiri da rana da gogayya suna cin igiya da ƙyalle, don haka allura da zare ba sa nisa da hannunsa. In aiki ya lafa sai ya shige ɗaki ya ɗauki littafi, domin ya tafi da littattafai masu yawa, ya kan wuni yana karatu jirgi na tafiya. Da dare ya kwanta, amma irin barcin zomo. Yakan farka ya leƙa waje, in ya ga taurarin nan huɗu na kudu masu siffar gicciye a gefen jirgi inda ya bar su, ya san hanya tana nan daidai. Wani dare a Fasifik huci ya tashe shi, ya fito ya tarar saura ƙiris jirgin ya yi karo da wani danƙareren kifin teku da ya fi jirgin girma.

Neman hanya da agogon gwangwani

Da tsakar rana yake aikin da ransa ya rataya a kai. Yakan auna tsawon rana daga inda sama ta haɗu da ruwa, da wannan yake sanin nisansa kudu ko arewa. Sanin gabas da yamma ya fi wuya. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, saboda haka in mutum ya san ƙarfe nawa ne a Greenwich ta Ingila, ya kwatanta da lokacin inda yake, zai san inda ya kai. Wannan kuwa sai da agogo na musamman wanda ba ya kuskure. Slocum yana da irinsa, amma an nemi dala 15 kuɗin gyara, shi kuma ba shi da su. Sai ya sayi wani agogon gwangwani mai fasasshiyar fuska a kan dala ɗaya. Kafin ya gama Tekun Indiya hannun minti ya ɓalle, har sai da ya dafa agogon a ruwan zafi sannan ya ci gaba da aiki.

Abin da ya dogara da shi shi ne ƙiyasi. Yana jan wata 'yar farfela a bayan jirgi wadda ke ƙirga milmil ɗin da aka ci, ga kamfas, ga sanin igiyar ruwa na shekara talatin da wani abu. Ya bar Juan Fernandez ran 5 ga Mayu, 1896. A kwana na 43 ya auna tazarar da ke tsakanin wata da rana don ya fitar da lokaci, lissafin ya nuna masa wani wuri mai nisan ɗaruruwan mil daga inda yake zato. Ya sake aunawa, amsa ba ta sauya ba. Maimakon ya zargi kansa sai ya bi jadawalin lissafin da ke hannunsa layi-layi, ya gano kuskuren a cikin jadawalin yake. Da ya gyara, bambancin bai wuce mil biyar ba, kuma a ranar ya hango tsibirin Nuku Hiva. Bai tsaya ba. Ya ƙara kwana 29, ya isa Apia a Samowa ran 16 ga Yuli, bayan kwana 72 bai taka ƙasa ba.

Kaɗaici

A nan, a ganina, ainihin jarrabawar take. Tun farkon tafiya aka faɗa masa wanda ya daɗe bai yi magana ba muryarsa na iya ɗaukewa, don haka yakan ba da umarni da ƙarfi kamar yana da ma'aikata, yakan kuma rera waƙa in aiki ya yi sauƙi. Akwai wani gizo-gizo da ya biyo jirgin tun daga Boston, ya bar shi ya yi saƙarsa. Zaman kaɗaici ya sa masa tausayin masu rai, har ya zamana ba ya son kashe tsuntsu don ci, in ban da kifin shak wanda ya ɗauka abokin gaba.

Saukowa tsibiri

Kowane tsibiri da irin tarbarsa. A Samowa wasu 'yan mata uku suka zo a kwalekwale, da ya ce shi kaɗai ya zo suka ƙi yarda, suka tsokane shi cewa cinye abokan tafiyarsa ya yi. A can ya ziyarci Fanny, matar marubucin nan Robert Louis Stevenson, mai littafin Treasure Island, wanda ya rasu a gidansa na Vailima a 1894. Ta ba shi littattafai huɗu na jagoran matuƙa daga ɗakin karatun mijinta, ta kuma ce ya sari gora a gonar, wadda ya yi amfani da ita a goshin jirgi. Kuɗin guzuri kuwa nema yake yi. Ya tsinci gangunan kitse daga wani jirgi da ya nutse a mashigin Magellan, ya soya wani abu mai kama da fanke ya sayar a Juan Fernandez, ragowar kitsen ya sayar wa wani Bajamushe mai yin sabulu a Apia. A wasu wurare, kamar Morishiyas, lacca yake yi a biya shi.

Ya isa Cocos Keeling ran 17 ga Yuli, 1897. Tsibirai ne na kwakwa da iyalin Clunies-Ross 'yan asalin Sukotlan ke mulki a lokacin, mazaunansu kuwa Malayawa ne Musulmi, kuma jikokinsu na nan har yau a ƙarƙashin Ostareliya. Ya janyo jirgin gaɓa ya gyara, da aka zo mayar da shi ruwa ya ƙi motsi, yara suka ce ƙaguwa ce ta riƙe gindinsa. Limamin garin ya yi addu'a, Slocum ya ba shi kwalbar jam. A nan ne kuma ya kusa halaka, ba ma a cikin Spray ba. Ya shiga wani ɗan ruɓaɓɓen kwalekwale da wani mutum za su tsallaka tafkin da ke tsakiyar tsibiran, guguwa ta yage filafilin, ruwa ya fara jan su zuwa buɗaɗɗen teku, babu abin tuƙi sai wata sanda. Da ita suka yi ta fama har iska ta ɗan juya suka kai tudu. Mutumin da ya ratsa Fasifik lafiya, saura kaɗan ya salwanta a kan sakacin rashin duba ɗan kwalekwale.

A tsibirin Rodrigues kuma, limamin cocin ya yi wa'azin zuwan Dujal 'yan kwanaki kafin isowarsa. Da mutane suka ga jirgi ya shigo da mutum ɗaya tak a ciki, sai wasu suka gudu suka kulle ƙofa. Daga baya aka saba, ya tafi da buhunan dankali da rumman.

Akuyar St. Helena

A Afrilun 1898, a tsibirin St. Helena, wani Ba'amurke ya ba shi kyautar akuya. Ya ɗaure ta da igiyar ciyawa, ta cinye igiyar. Ta cinye malafarsa, sannan ta shiga ɗaki ta cinye taswirar tsibiran Karebiyan, inda ya dosa. Ya sauke ta a tsibirin Ascension, amma ɓarnar ta riga ta auku. Ya shiga ruwan da ke cike da duwatsun ƙarƙashin teku da abin da ya haddace kawai. Wani dare kusa da Tobago ya yi ta kauce wa wani farin abu da ya zaci igiyar ruwa ce ke fashewa a kan dutse, can sai ya gane hasken fitilar gaɓar Trinidad ne ke faɗowa a kan ruwa. A Ascension ɗin ma sai da aka turara jirgin da hayaƙi, aka ba shi takardar shaidar cewa babu wani mahaluƙi da ke ɓoye a ciki.

Ƙarshen al'amari

Ya jefa anga a Newport ran 27 ga Yuni, 1898, bayan tafiyar sama da mil 46,000 cikin shekara uku da wata biyu. Bai samu wata babbar tarba ba, domin hankalin Amurkawa na kan yaƙinsu da Sifaniya. Abin da ya raya sunansa shi ne alƙalami. Mujallar Century ta riƙa buga labarin kashi-kashi daga 1899 zuwa 1900, sannan ya fito a littafi mai suna Sailing Alone Around the World, wanda ake bugawa har yanzu. Wanda ya karanta shi zai lura cewa guguwa da hatsari ba su fi dankali da agogo da akuya samun wuri ba, kuma ni dai waɗannan ƙananan abubuwa ne suka sa na yarda da mutumin. Marubutanmu na da abin ɗauka a nan.

Hausawa na cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. A Nuwamban 1909, yana da shekara 65, Slocum ya sake fita a cikin Spray daga Martha's Vineyard ya nufi kudu. Jirgin ya tsufa, shi ma haka. Ba a sake ganin ko ɗayansu ba, kuma a 1924 kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya mutu.

A nan zan dasa aya. Sai mun haɗu a karo na gaba, in Allah Ya kai mu.